Nauyi: wanne ne nawa, wanne aka ɗora mini?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata kalma ce ta hana ni barci kwana biyu, na ce bari in kawo ta gabanku. Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar, sai ga ɗan ƙanena ya sauko daga Adaidaita Sahu, riƙe da jakar bakko da ƙullin kuka da daddawa da mahaifiyarsa ta aiko wa mai ɗakina. Shekararsa 14. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba ya ce in zo in zauna a nan in shiga sakandare." Ba a kira ni a waya ba, ba a aiko kowa ba, ba a yi shawara da ni ba. Ni kuwa 'ya'yana shida, ɗaki biyu da falo, albashi ɗaya.

Da daddare na kira ƙanin nawa na ce masa, "Ka ɗora mini nauyi ba ka tambaye ni ba." Washegari da sassafe sai ga kiran gwaggonmu, ita ce babbar da ta rage mana a dangin uba. Ta ce, "An ce ka ce an ɗora maka nauyi. Wa ya ɗora maka? Ai nauyinka ne tun ranar da ubanku ya kwanta dama." Na buɗe baki zan ba ta amsa, na kasa, don ina jin nauyinta.

To ku duba. Sau uku kalmar nan ta fito, kowanne da inda ya dosa. Wanda na faɗa wa ƙanena, da wanda Gwaggo ta faɗa mini, da wanda ya ɗaure mini harshe. Abu ɗaya ne, ko kuwa kalma ce ɗaya take ɗauke da abubuwa daban-daban? Ina son masana su warware mini, don sai na san sunan abin da ke kaina kafin in san yadda zan yi da shi.

Hajiyar Zariya: Wa alaikumus salam. Kafin a shiga nazari, yaron ya ci abinci? An ba shi wurin kwana? Kada dai ya ji wannan maganar, ɗana. Shi ba shi da laifi, aiko shi aka yi.

Ɗan Fagge: Yana nan lafiya Hajiya, tare yake kwana da yayyensa a falo. Bai ji komai ba, a waje na yi wayar.

Malamin Hausa: Madalla. Malam Ɗan Fagge, ka taɓo kalmar da na fi jin daɗin koyarwa a aji. Asalinta dai abin da sikeli ke aunawa ne, nauyin dutse, nauyin buhu. Daga nan Bahaushe ya ɗauke ta ya rarraba wa gaɓoɓin jiki. Mai nauyin baki shi ne wanda magana ba ta fito masa da wuri. Mai nauyin jiki, sai an yi da gaske yake tashi. Mai nauyin hannu, aikin awa ɗaya sai ya kai shi yini. Mai nauyin barci ko ganga aka buga a kansa ba ya motsi. Mai nauyin ƙafa kuwa, ka gayyace shi suna ya zo ranar yaye. Duk waɗannan nauyi ne da mutum yake ɗauke da shi a jikinsa, babu wanda ya aza masa.

Sai kashi na biyu, inda nauyi ya zama abin da ke tsakanin mutum da mutum. A nan fi'ilin da ya zo tare da kalmar shi ne ke faɗa maka komai. Ɗaukar nauyi, kai ka sunkuya da kanka. Shi ya sa a rediyo za ka ji an ce kamfani kaza ne ya ɗauki nauyin kawo muku wannan shiri. Ɗora nauyi, wani ne ya aza maka. Rataya, kamar a ce nauyin gidan ya rataya a wuyansa, ba a ambaci wanda ya rataya ba, yanayi ne ya kawo. Sauke nauyi, ka yi abin da ya kamace ka, ka huta. Kai ka ce an ɗora, Gwaggo ta ce ya rataya. Saɓaninku a fi'ili yake.

Na ukun, jin nauyi, shi ne ɗan'uwan kunya. Abin da suruki ke ji gaban surukinsa, abin da ɗan fari ke samu daga uwarsa har ta ƙi kiran sunansa.

Na Dawanau: Malam ya yi bayani irin na masu alli. Ni bari in yi irin namu. Shekara tara na yi ina dako a kasuwar Dawanau kafin Allah Ya ba ni rumfa. Buhun masara mai kilo 100 ba ka ɗaga shi kai kaɗai. Mutum biyu ne za su kama kunnuwansa, kai ka juya baya ka ɗan rusuna, ka kafa ƙafa, ka ja numfashi. Sai ka ce "to", sannan su sake maka. Wannan "to" ɗin ita ce ran aikin. In suka sake kafin ka ce to, buhun nan da ka saba ɗauka sau hamsin a yini shi ne zai karya maka ƙugu. Na ga wanda hakan ta faru da shi, yaro ƙaƙƙarfa, wasa abokansa suka yi masa, har yau da sanda yake tafiya.

Don haka Yaya Ɗan Fagge, ni ban ga laifinka ba. Ba ka ce buhun ya fi ƙarfinka ba. Cewa ka yi an sake maka shi ba ka ce to ba.

'Yar Jami'a: Na Dawanau, Allah Ya biya ka. Wannan shi ne abin da nake ta son faɗa a gidanmu na rasa yadda zan tsara shi.

Almajirin Zaure: Salamu alaikum. Akwai kalmar da ta fi dacewa da abin da ya faru, ita ce kallafawa. Daga Larabci muka aro ta, kallafa, wato ɗora wa wani abin da yake da wahala a yi. Daga tushen nan ne aka sami mukallafi a fiƙihu, baligi mai hankali wanda shari'a ta hau kansa. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke. Ka ga ke nan ko shari'a sai ta duba wuyan mutum kafin ta aza masa.

Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara, ta 286, wadda yawancinmu muke karantawa kafin barci, ta ce Allah ba Ya kallafa wa rai sai abin da zai iya. Ma'anar ta sake zuwa a aya ta 233 ta wannan sura, inda ake maganar shayarwa da ciyar da mai jego da tufatar da ita. Ta kuma zo a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7, cewa mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Ku lura, biyu daga cikin wuraren nan uku maganar cefanen gida ake yi. Wanda Ya halicce mu Ya yi mana iyaka a kan abin da za a nema a wurinmu, amma mu a tsakaninmu sai mu manta da iyakar.

Baba Mai Ritaya: Malam, to a shari'ance ɗan ƙane yana cikin waɗanda dole a ciyar?

Almajirin Zaure: Baba, a mazhabar Malikiyya da muke bi, a'a. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta ƙididdige su: matar mutum, ko da mai dukiya ce, iyayensa biyu idan matalauta ne, sai 'ya'yansa ƙanana da ba su da dukiya, maza har su balaga in ba su da wata naƙasa, mata har su yi aure su tare. Ta kuma ce babu ciyarwa ta wajibi ga sauran dangi bayan waɗannan. Hanafawa da Hambalawa sun faɗaɗa, sun shigo da wasu 'yan'uwa, amma ko a wurinsu uba ne a gaba matuƙar yana raye yana da hali. Abin da Malam Ɗan Fagge zai yi wa yaron nan sada zumunci ne da kyautatawa, ladansa babba ne ƙwarai, amma alƙali ba zai tilasta masa ba.

Hajiyar Zariya: Malam, na ji, kuma ba na jayayya da littafi. Amma ina jin tsoron yadda yaran yanzu za su ɗauki maganar nan. Su abin da za su riƙe shi ne "ba wajibi ba ne", su rufe ƙofa. Ni da kuke gani ba a gidan ubana na girma ba. Ina da shekara biyar ƙanwar kakata ta ɗauke ni, ita ta yi mini komai har ta kai ni ɗakin miji, da gadona da jerena. Ba ta taɓa cewa an ɗora mata ba. A Tudun Wada a lokacin da wuya ka shiga gida ba ka tarar da ɗan riƙo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kowa ya tsaya a kan abin da alƙali zai tilasta masa, da rabinmu ba mu yi karatu ba.

'Yar Jami'a: Mama, da girmamawa, ina da tambaya. Ita kakar taki, aiko mata ke aka yi, ko ita ta je ta ce a ba ta?

Hajiyar Zariya: Ita ta je. Har sau biyu ma, don da farko mahaifina ya ce in ƙara wayo. Ta kawo goro, ta zauna a ɗakin kakata ta ce, "Yaya, ki roƙar mini a ba ni yarinyar nan, ɗakina ya yi shiru." Haka aka ba ni labari.

'Yar Jami'a: To kin gani Mama. Riƙo na da, mai riƙo ne yake roƙo. Yanzu an juya shi, sai dai ka ga yaro a ƙofar gida da jaka. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na ukun nan da Baba Ɗan Fagge ya ambata. Mutane sun san kana jin nauyinsu, da wannan jin nauyin suke ɗora maka nasu nauyin. Ba don sun san ba za ka iya buɗe baki ba, da ba su fara ba.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. A wata ɗaya na ƙirga mata anko uku, gudunmawar biki biyu, kuɗin jarrabawar ɗan kawu, da wata 'yar'uwa da ta zo asibiti daga ƙauye ta sauka a wurinta kwana goma sha ɗaya da 'yan rakiya uku. Ranar 20 ga wata ta kira ni tana tambaya ko ina da dubu biyu ta yi kuɗin mota. Na ce mata ki riƙa cewa babu mana. Ta ce, "Ina jin nauyi." Wannan kalmar ce take cinye mata albashi. Hausawa da kansu sun ce kunyar mara kunya asara ce.

Hajiyar Zariya: 'Yata, maganar anko na ba ki gaskiya ɗari bisa ɗari, ni ma na daina saye. Amma mara lafiyar da ta zo daga ƙauye, ina kike so ta sauka? A tasha? Kada ki haɗa su a kwando ɗaya. Kuma jin nauyin nan da kike ganin shi ne ciwon, shi ne dai yake hana ƙanin miji ya ɗaga wa matar wansa murya, shi ne yake sa ɗa ya kasa haɗa ido da ubansa yana faɗa. Ranar da aka cire shi daga gidajenmu, abin da zai fita tare da shi ya fi kuɗin anko tsada.

'Yar Jami'a: Ban ce a cire ba Mama. Cewa na yi ya riƙa tafiya ta ɓangare biyu. In ina jin nauyin in ce miki babu, ke ma ki ji nauyin tambayata abin da kika san ba ni da shi.

Almajirin Zaure: Abin da 'yar'uwa ta faɗa game da anko yana da suna a wurin malamai, takallufi, daga tushe ɗaya da kallafa. Shi ne mutum ya ɗora wa kansa abin da ba a neme shi da shi ba, don a gani. A cikin Bukhari an ruwaito Sayyidina Umar yana cewa an hana mu takallufi. Sadaki a Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Akwati goma sha biyu na lefe, da gara, da kamu, da dina, mu muka kallafa wa junanmu.

Baba Mai Ritaya: Ku bar ni in mai da ku baya kaɗan, don ku yara kun san kalmar nan a cikin gida kawai. Mu mun san ta a ƙofar dagaci. Ina yaro a ƙauyenmu, da an gama girbi sai maganar haraji ta tashi. Ba a tambayar ko gero ya yi ko bai yi ba. An rubuta sunanka, an yanka maka, shi ke nan. Na ga mahaifina ya kwance akuyar mahaifiyata ya kai kasuwa saboda takardar haraji, ita kuma tana tsaye a bakin turke ba ta ce uffan ba. Wanda ya kasa biya, ko a shanya shi a rana a ƙofar fada, ko ya gudu ci-rani. Fulani kuma jangali, a bi su har ruga ana ƙirga shanu, su kuma suna kora rabi cikin daji.

Wannan kuka ya girme mu duka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa abubuwan da sarakunan Hausa ke ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba, ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla, har da gaisuwa, wato abin da ake kai wa mai mulki kafin a sami biyan buƙata. Ku duba wannan ta ƙarshen. Kalma mai daɗi, gaisuwa, amma ga abin da aka naɗe a cikinta. Bature ya zo ya tarar da haraji, ya gyara masa zama, ya ce a biya da kuɗinsa. Ya ƙara da aikin tilas. Da hannun talakawa aka shimfiɗa dogon da ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos, abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna. Da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can.

Abin da jam'iyyar NEPU ta tashi a kai ke nan a 1950, su Malam Aminu Kano. Kuma ina da wayona sarai a 1979 lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Wani tsoho a garinmu da ya ji sanarwar a rediyo, cire hularsa ya yi ya shafa kansa, ya ce yau ya san an sauke masa kaya. Shi ya sa har gobe in na ji an ce "an ɗora wa mutane", jikina yakan ba ni cewa akwai wanda ba a tambaya ba.

Ta Damagaram: Baba, mu ma nan haka kakanninmu suka sha a hannun Faransa. Mu lanho muke cewa, kuɗin kai. Aikin tilas kuwa har da ɗaukar kayan Nasara a ka daga zango zuwa zango, da gyaran hanya, da gine-gine, tun Damagaram tana babban birnin mulkinsu kafin su maida shi Yamai a 1926. Sai a watan Afrilu na 1946 aka yi dokar da ta hana aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, wadda ake kira da sunan Hufuwe-Buwanyi na Kwaddibuwa. Kakata har ta rasu in aka matsa mata da wani aiki sai ta ce, "Ni ba ta Nasara ba ce."

Amma ni abin da nake son in ƙara daban ne. A wajenmu in mace cikinta ya tsufa sai a ce ta yi nauyi. In ta haihu a ce ta sauka. Addu'ar da ake mata ita ce Allah Ya sauke ki lafiya. To wannan nauyin fa, Malamin Hausa, a wane kashi za ka sa shi? Yana jikinta, amma na wani ne. Tana wahala da shi, amma in aka ce za a raba ta da shi kafin lokaci kuka za ta yi.

Malamin Hausa: Hajiya, kin kawo wanda ya ƙi shiga kasona, na kuwa yarda. Bari in ƙara miki wani irinsa. Idan aka ce wane mutum ne mai nauyi, yabo ne, ana nufin mai daraja, wanda maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Kishiyarsa kuwa kowa ya san ba yabo ba ne a ce mutum ba shi da nauyi. Ina ganin ba banza Bahaushe ya yi amfani da kalma ɗaya ba. A wurinsa wanda yake ɗauke da mutane shi ne yake da nauyi a idon mutane. Babba juji ne, kowa ya share sai ya kai can. Gwaggon Malam Ɗan Fagge da ta ce "nauyinka ne", ina jin har da wannan take nufi: kai ne babba yanzu, kujerar ubanku kake kai.

Almajirin Zaure: Ko sarautar Waziri, malaman Larabci da yawa suna danganta ta da wizr, wato kaya mai nauyi, don shi ne yake ɗaukar wa sarki nauyin mulki, kamar yadda Giɗaɗo ɗan Laima ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kalmar wizr ɗin ce kuma a ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

Na Dawanau: Malamin Hausa, na yarda babba juji ne. Amma mu da muke kasuwa mun san juji ma in ya cika kwashe shi ake yi. Kuma ina da magana a kan ƙanin. Kowa yana ta maganar wanda aka ɗora wa, ba wanda ya tambayi halin wanda ya ɗora. Yaya Ɗan Fagge, yaya damina ta yi masa bana? Don ni na san mutumin ƙauye. Kafin ya saka ɗansa a mota ba tare da ya kira ba, sau da yawa ba raini ba ne. Tsoro yake kada ya kira a ce masa a'a, ya rasa inda zai sa kansa. Shi ma nauyinka yake ji, sai ya ɓuya a bayan yaron.

Ɗan Fagge: Na Dawanau, wallahi ka sa na yi shiru. Ruwa ya ci masa gonar shinkafa bara, na sani, har na aika masa da ɗan abin da ya samu. Bana kuma ban tambaye shi ba. Makarantar da ke kusa da su ƙaramar sakandare ce, daga aji uku sai dai a tafi wani gari. Duk na san wannan. Raina ne ya ɓaci har ban haɗa su wuri ɗaya ba.

'Yar Jami'a: Baba, duk da haka yana da kyau ya ji cewa hanyar da ya bi ba daidai ba ce. In ba haka ba, baɗi wani zai sake sauka daga Adaidaita. Kuma akwai wadda ba a ambata ba tun da aka fara maganar nan. Wa zai ƙara mudu a tukunya? Wa zai riƙa tashin yaron da asuba, ya san ko ya yi wanki, ya kai shi kemis in zazzaɓi ya kama shi? Ita an tambaye ta?

Hajiyar Zariya: A nan kam 'yata kin fi ni gaskiya. Riƙo a bakin maza yake, amma a hannun mata yake ƙarewa. Ɗana, je ka zauna da mai ɗakinka, kada ka yi mata yadda aka yi maka. In ta karɓe shi da zuciya ɗaya, yaron ya sami uwa. In aka cusa mata shi, ko ba ta faɗa ba zai gani a kwanon tuwonsa.

Ta Damagaram: Kuma a bar yaron ya riƙa zuwa gida hutu. Ɗan riƙon da ba ya ganin uwarsa yakan kallafa ransa a kanta har karatun lakwal ɗin, wato boko, ya gagara. Ga ma wata ma'anar ta kallafa, Malam, wadda mutum yake yi wa zuciyarsa.

Malamin Hausa: Haka ne, mu a nan an fi jin ƙwallafa rai. Na rubuta ta a littafina tare da ta mai ciki.

Ɗan Fagge: Jama'a, na dawo. Jiya bayan isha'i na zauna da uwargida kamar yadda Hajiya ta ce. Ashe ita tun ranar Lahadi ta auna ƙafarsa ta ga silifas ɗinsa ya tsinke, ta sayo masa wani. Abin da ta ce kawai shi ne falon ya yi kaɗan ga samari huɗu, a gyara ɗan shagon da ke zaure wanda muke ajiye tarkace, manyan biyu su koma can. Ta kuma ce in gaya wa ƙanena ya bar matarsa ta kira ta, su yi magana mace da mace, ta san abin da yaron yake ci da abin da ba ya ci, da ko yana da wani ciwo.

Yau da safe na kira shi. Na fara da tambayar gona, sai muryarsa ta canza. Bashin taki ne a kansa tun bara, bai gaya wa kowa ba. Na ce masa yaro ya zauna, na karɓa, amma nan gaba ko kaza zai aiko gidana ya fara kira na. Ya ce, "Yaya, na ɗauki wayar sau uku ina ajiyewa." Mun yi da shi cewa kuɗin makaranta da littattafai ni zan biya, shi kuma in an yi girbi zai aiko da buhun gero ɗaya da abin da ya samu na wake, hutun ƙarshen zango kuma yaro ya je gida. Gwaggo ban kira ta ba tukuna, gobe Juma'a zan je da kaina in gaishe ta.

Na Dawanau, in ka san mai gyaran rufin kwano mai sauƙi a wajen Fagge ko Kurna, turo mini ta akwatin saƙo. Shagon yana yoyo ta kusurwar gabas, ina so a gama kafin a koma makaranta ranar Litinin ta sama.